Tasin alfarma: tauraro 2 na ba su, shi ma don direban ne

Shekara 3 ke nan ina hawa tasin kamfanin nan zuwa wurin aiki, ban taɓa zama na rubuta ƙorafi ba sai yau. Tun da suka ƙara kuɗin manyan motocinsu, waɗanda suke kira na alfarma, nake ta haɗiye abin, amma na ranar Talata ya ƙi wuce mini.

Ruwa ake tsugawa tun asuba, ga shi ina da taro ƙarfe 9. Na buɗe manhaja, babu ƙaramar tasi ko ɗaya, sai baƙaƙen manyan nan guda 4 suna ta zagaye a taswira. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Kullum cewa suke ai zaɓi ne, mai so ya hau. Ina zaɓi ga wanda ruwa ya tsare a ƙofar gida, lokaci na ƙure masa? Haka na danna, ba don ina so ba.

Tafiyar kilomita 11 ce, minti 20 take ci idan hanya a buɗe take. Ranar sai da muka yi minti 55. Duk mai hawa tasi ya san halin mita: akwai kuɗin da take farawa da shi kana shiga, akwai na nisan tafiya, idan kuma mota ta tsaya ko tana jan ciki a cunkoso sai ta koma lissafin lokaci. A ta alfarma duka ukun sun fi tsada. Ina zaune a kujerar fata mai laushi, mota ko motsi ba ta yi, lamba sai hawa take. Wallahi tun ina kallon mitar har na kawar da kai, don gabana faɗuwa yake duk sanda ta canza.

Sai dai a faɗi gaskiya, direban mutumin kirki ne. Dattijo ne, da lema ya fito ya tarbe ni, motarsa tsaf, ba wari, ba kiɗa mai hawa kai. Da ya ga ina ta tsaki sai ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ƙarin nan ba aljihuna yake shiga ba. Sai na fitar da balas ɗin mota, na sha mai, kamfani ya cire kamashonsa, sannan in ga nawa." Jikina ya yi sanyi. Har na ƙudurta a raina tauraro 4 zan bayar, tunda dai na iso a bushe, rigata ko ɗigo babu.

Ina zama a ofis rasit ya shigo waya. Ban da abin da na gani a mita, ga kuɗin kiran mota, ga kuma ƙarin lokacin cunkoso, wanda kaso ne da ake ɗorawa a kan jimillar mitar. Wato cunkoson nan sau biyu na biya shi: mita ta caje ni zaman da muka yi, su kuma suka ɗora nasu a kai. Abin da na biya ya haura ninki biyu na yadda na saba, kuma manhajar ba ta nuna mini haka ƙarara ba kafin in danna.

Nan fa na tuna ta watan jiya, ita ma ta alfarmar ce wai. Na'urar sanyaya mota iska kawai take hurawa, wayar caji a lalace, kujeru na warin taba. Na kai ƙorafi, aka turo mini amsar nan da ake tura wa kowa, shiru har yau. Kuɗin kuwa cif suka karɓa.

Na sauke taurarin zuwa 2, kuma duka na dattijon nan ne. Daga Litinin zan riƙa fita minti 40 da wuri in bi bas, ko ruwan ƙanƙara ake yi.