M-CHAT-R/F: Takardar tantance alamun otizim a ƙananan yara

Cikin kayan tantance otizim (lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane) da ake samu kyauta a intanet, wannan ce muka fi ba iyaye da ma'aikatan lafiya shawarar farawa da ita. An tsara ta ne don yara 'yan wata 16 zuwa 30. Tambayoyi 20 ne, amsarsu eh ko a'a: yaro na nuna abu da yatsa? Yana waiwayowa in an kira sunansa?

Wurin lissafi ake yawan tafka kuskure. Kowace "a'a" maki ɗaya ce, ban da tambaya ta 2, ta 5 da ta 12, inda "eh" ce ke ɗaukar maki. Maki 0 zuwa 2 ba abin tashin hankali, amma a maimaita bayan ya cika shekara 2 in bai kai ba. Daga 8 zuwa 20, a wuce wajen likitan yara kai tsaye. Tsakanin 3 da 7 kuwa dole a yi tambayoyin bibiya, wato kashi na biyu na takardar inda ma'aikacin lafiya ke ƙara tambayar iyaye kan amsoshin da suka ɗauki maki, kuma su ne ake tsallakewa don gaggawa, a tayar wa iyaye hankali a banza.

Wasu misalanta baƙi ne a gidajenmu. A tambayar ko ƙarar abubuwan yau da kullum tana damun yaro, a kwatanta da janareta ko injin markaɗe. Wanda yake wuni da yaron shi zai amsa, ko da kakarsa ce.

Takardar ba ta yanke hukunci, nuni kawai take yi. A haɗa da gwajin ji, domin kurumta ma tana hana yaro amsa kira.