Yuraniyam ko Toriyam: Wanne Ya Fi Dacewa da Tashar Nukiliya?

Yuraniyam da toriyam ƙarafa ne da ake iya amfani da su a matsayin makamashi a tashar lantarki ta nukiliya. Masanin sinadarai Martin Klaproth ne ya gano yuraniyam a 1789, toriyam kuwa sai bayan kusan shekara 40 wani masanin, Berzelius, ya tantance shi.

Wajen aiki, yuraniyam ya yi fintinkau. Nau'insa na 235 yana tsagewa ya ba da zafi kai tsaye, ko da yake kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal na yuraniyam ɗin da ake haƙowa. Toriyam ba ya iya haka da kansa, sai ya haɗiye nutiron (wani ɗan ƙanƙanin ɓangare na ƙwayar zarra) ya rikiɗe ya koma yuraniyam-233. Sai dai toriyam ya ninka yuraniyam yawa a ƙasa kusan sau uku, Indiya kuwa, da yake tana da shi da yawa amma yuraniyam ɗinta kaɗan ne, ta ƙwallafa rai a kansa.

Ni dai, mai neman lantarki yau, yuraniyam zan nuna masa.