Faifan waƙoƙin coci na Latin da na saya a Ikeja

Jama'a wannan faifan ya yi wallahi. Ƙungiyar mawaƙa ce zalla, ba ganga ba fiyano, kuma sun jera waƙar O magnum mysterium har kala biyu daga masu tsara waƙa biyu na zamanin da, na Palestrina ɗan Italiya mai murya shida na 1569 da na Victoria ɗan Sifen mai murya huɗu na 1572, kalmomin farko ɗaya ne, zancen haihuwar Yesu a wurin dabbobi, amma na Palestrina tafiya yake a natse ba gaggawa, shi ko Victoria da ya iso Alleluia sai kidan ya koma uku-uku kamar za a tashi rawa. Ni dai Victoria nake so gaskiya. Matsala ɗaya, sautin ya yi ƙasa, in janareton maƙwabta ya tashi sai da iyafis. Takardar ciki ma ba fassara.