Fitilar mota mai kunna kanta: wacce za ka zaɓa idan kana tsoron mutuwar batir?

Duk wanda ya je sayen motar tokumbo a kasuwar motoci ta Berger da ke Legas, zai ji dillali yana yaba masa fitilar da ke kunna kanta, amma da wuya ya bayyana masa abin da take yi wa batir bayan an ajiye motar. A saman dashbod, dab da gilashin gaba, akwai wata 'yar na'ura mai auna haske, wadda da zarar gari ya yi duhu, ko hadarin damina ya rufe sararin Legas da tsakar rana, take aika saƙo ga ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, ta kunna fitilu, matuƙar makunnin yana kan AUTO.

Hanyoyi uku ne a gaban mai saye, kuma ba zan ɓoye ba, wadda kamfani ya ƙera motar da ita ce zaɓina. Dalili shi ne an haɗa ta da makulli da ƙofofi, saboda haka idan ka kashe inji ka fita, fitilar kan jira na ɗan lokaci, galibi daƙiƙa 30 zuwa minti biyu, domin ta haska maka hanya, sannan ta mutu da kanta. Wannan jinkiri da ke tsorata mutane ba ya cin wani abin kirki. Ƙwan fitilar gaba ɗaya, irin na halojin, yana jan wat 55, biyu kuwa tare da fitilun baya sun kai kimanin amfiya 10, wanda a batir mai amfiya-awa 60 minti ɗaya ba komai ba ne, alhali awa uku ko huɗu a haka na iya hana motar tashi. Bayan an kulle ƙofa ƙwaƙwalwar kan yi barci, kuma lafiyayyar mota ba ta cika jan fiye da miliamfiya 50 ba a wannan hali. Abin lura kawai shi ne, a wasu motoci AUTO ne ke kashe kansa, amma idan ka murɗa makunnin da hannu zuwa ƙananan fitilu, za su kwana a kunne. Haka kuma hasken da ake gani da rana a motocin da suka fito daga Kanada wani tsari ne dabam, wanda doka ta wajabta a can tun 1989, kuma yana mutuwa tare da inji.

Hanya ta biyu, wato makunnin hannu na tsofaffin motoci, ba ta da aibi sai mantuwar direba.

Ta ukun, wato na'urar da ake saya a ɗora wa motar da ba ta zo da ita ba, ita ce ta taɓa ƙona ni. Wani mai gyaran wayar mota, wanda ba zan ambaci shagonsa ba, ya ɗora mini ita, ya ce: “Alhaji, ka huta da murɗa makunni.” Ashe kai tsaye ya jona ta da batir, ba fis mai yanke wuta idan ta yi yawa, ba ta hanyar makulli ba. Na ajiye motar a Agege na tafi Kano hutun babbar Sallah, na dawo na tarar ko ƙaho ba ya yi, kuma batirin bai ƙara riƙe caji ba, domin irin wannan batir idan ya zube ƙasa gaba ɗaya yakan lalace. Idan lalle sai ka saka, ka tsaya a kansa ka ga wayar ta bi ta fis, kuma wuta na yankewa idan an zare makulli.

Haka nan ka yi hattara da batirin da aka wanke, aka manna masa sabuwar takarda. Ka duba ranar ƙira a jikinsa, ka sa a gwada a gabanka: cikakke yana nuna bolt 12.6 inji a kashe, sannan tsakanin 13.8 da 14.4 idan altaneta, na'urar da ke cajin batir, na aiki. Wannan yana da muhimmanci a garin da ake kwashe awanni a cunkoson gadar Third Mainland, inji na juyawa a hankali, ga AC, ga fitila, ga abin share ruwa, caji kuwa kaɗan ne ke shiga. Ƙwayayen LED masu araha da ake rubuta wa ƙarfin ƙarya a kwali su ma abin gudu ne, don suna kashe wa mai tahowa ido ba tare da sun haska titi ba. Motar da ambaliya ta taɓa shanyewa ta fi duka haɗari, saboda tsatsa a mahaɗar wayoyi na hana ƙwaƙwalwa barci, sai a ɗora wa fitila laifin da ba nata ba. Ka ɗaga dardumar ƙasa ka shinshina.

Kafin ka biya kuɗi, ka rufe na'urar hasken da hularka ka ga ko fitilun za su kama, sannan ka kashe inji, ka kulle motar, ka tsaya da agogo har su mutu. Idan makunnin ne ya lalace, ana samun na asali da aka cire daga wata mota a kasuwar Ladipo da ke Mushin, sai dai ka tafi da tsohon a hannu domin a daidaita lambarsa.