Greensted ko Kilpeck: Wanne Coci Za Ka Fara Gani?

Duka biyun ƙananan coci ne a ƙauyukan Ingila, doka ta hana a sauya gininsu ba izini. Na Greensted a Essex, da gungumen itacen oak aka yi bangonsa, an tsaga su biyu an jera su a tsaye tun ƙarni na 11. Ka shafa su, sun yi baƙi, sun ƙeƙashe. Sai dai gyaran 1848 ya sauya masa kama sosai.

Kilpeck kuwa, kusa da iyakar Wales, jan dutse ne, ginin wajen 1140. Nan masassaƙa suka baje kolinsu: macizai sun nannaɗe bakin ƙofa, ƙarƙashin rufi ga kawuna da wasu siffofi fiye da 80, har da kare da zomo kafaɗa da kafaɗa. Ni dai Kilpeck zan nufa, ko don zomon nan.