Maɗaba'a, Waya ko Mujallar Waje: Ina Za Ki Kai Labarin Almarar da Ya Taɓo Maganar Jinsi?

Wannan bayani na marubuciyar da ke zaune a karkara ne, ko a gefen Ringim, ko Dambatta, ko Birnin Kudu, wadda ta kammala labarinta a waya tana tunanin inda za ta kai shi. Mun ce marubuciya ne domin mata sun fi yawa a rubutun waya, amma maganar ta haɗa da maza. Labarin da muke nufi shi ne na aljanu da duniyoyin da babu su, ko na kimiyya da zamanin da bai zo ba, wanda a cikinsa akwai ɗan daudu, ko mata-maza, ko halittar da ba namiji ba kuma ba mace ba, ko mutum biyu masu jinsi ɗaya da zukatansu suka haɗu. Almarar kimiyya ba baƙuwa ba ce a Hausa, tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya. Rikiɗar jinsi ma ba daga waje aka kawo ta ba: a bori iska namiji yakan hau mace, ta yi magana da muryarsa, ta sa tufafinsa. Kayan labari suna nan jibge. Fitar da shi ne aikin.

A fara da doka. A Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14 ga auren, da shekara 10 ga shiga ƙungiya ko nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Kano da Jigawa kuma suna da dokokin shari'a tun 2000. Dokar tarayyar ba ta ambaci ƙagaggen labari ba, amma Kano tana da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, kuma a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a jihar, alhali na soyayyar saurayi da budurwa ne. A ƙauye kuwa, kafin hukuma ta ji, makwabta sun ji, kuma mutane da yawa ba sa raba marubuci da tauraron labarinsa. Saboda haka kowace hanya muka auna, tambayar farko ita ce: wa zai san sunanki na gaskiya? Kuɗi da yawan masu karatu suna biyo baya.

Bugu a takarda shi ne burin kowa, kuma shi ya fi tsada. Bugu iri biyu ne. Akwai na faranti, wato fallen ƙarfen da ake ɗora hoton shafuka a kai inji ya riƙa bugawa, wanda ba ya yin araha sai an buga kwafi 500 zuwa 1,000, domin kuɗin farantin ba ya canzawa ko kwafi nawa aka buga. Akwai na kai tsaye daga kwamfuta, wanda za a iya yi miki kwafi 20 ko 50, amma kowane kwafi ya fi tsada. A girman A5, wato rabin takardar A4, ana lissafin shafuka sha shida-sha shida, don haka littafi mai shafi 98 zai ci kuɗin takardar da ba ki yi amfani da ita ba. Ki rage shi ya koma 96. Takardar ciki giram 70 ta fi giram 60, domin a siririyar rubutun baya yana leƙowa. Bango kati giram 250 da leda a kai. Littafi siriri a ɗinke shi da waya, mai kauri a haɗa da gam, amma ki lanƙwasa samfurin da hannunki, gam mara kyau yana zubar da shafuka idan zafin bazara ya buge shi. Matsalar da ta fi ɓata littattafan Hausa ita ce haruffa masu lanƙwasa: ki kai fayil ɗin Word, kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin rubutunki, sai ɓ da ɗ da ƙ su koma akwatuna. Maganinta ki kai PDF, ki kuma duba kwafin gwaji shafi-shafi kafin a kunna inji. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, ana kuma ajiye musu kwafi uku.

Sai dai ki ƙirga hannayen da littafin zai bi: mai tsara shafi, mai inji, mai ɗinki, hukumar tacewa, dillali a kasuwar Sabon Gari. Duk sun ga fuskarki, kuma abin da aka buga ba ya janyuwa. Ra'ayinmu shi ne takarda ta dace da labarin da ya tsaya a rigar tatsuniya, kamar aljanin da ke kwana mace ya tashi namiji. Wanda ya fito da maganar fili, wannan ba hanyarsa ba ce.

Sayarwa ta WhatsApp ita ce kasuwar da ta fi ci yanzu, ba ta kuma buƙatar jari: a saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya biya a sa shi a rukuni. A nan ne marubuta suka fi ruɗuwa, suna zaton sunan alƙalami ya rufe su. Bai rufe ba. Duk ɗan rukuni yana ganin lambarki, lambar kuma tun ƙarshen 2020 aka fara haɗa ta da NIN, sannan manhajar Truecaller tana nuna sunan da wasu suka ajiye ki da shi. Wanda zai tura kuɗi, ko ta banki ko OPay ko Moniepoint, da ya sa lambar asusu cikakken sunanki zai fito masa. In ta wurin mai POS na garinku kike karɓa, shi ma ya shiga cikin masu sani. Ga kuma sata: mutum ɗaya ya biya, gobe labarin yana yawo a rukunoni goma, wani lokacin an ciro sakin layi ɗaya an raba shi da abin da ke gabansa da bayansa. Tashar Telegram ta fi rufi, domin ana iya ɓoye lamba kuma masu karatu ba sa ganin juna, amma maganar asusun banki tana nan yadda take.

Manhajojin karatu suna tsakiya. Wattpad kyauta ne, imel kawai yake nema, akwai masu karatun Hausa da yawa a can, akwai kuma ɗimbin labarai irin naki da wasu harsuna. Kuɗi dai kada ki sa rai. ArewaBooks na Hausa ne kuma ana sayarwa, sai dai ki karanta sharuɗɗansu kan abin da suke karɓa kafin ki ɗora komai. Kowace kika zaɓa, ki riƙe kwafinki: OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Amazon kuwa yana barin sunan alƙalami a bango, amma yana neman sunan gaskiya da bayanan haraji, kuma yana cire kashi 30 na ladanki daga cinikin Amurka saboda babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya. Masu karatunki ma ba can suke ba.

Hanyar da muka fi so ga gajeren labari ita ce mujallun almara, ko da yake tana neman fassara zuwa Turanci. Omenana, wadda Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa a 2014, ta marubutan Afirka ce. FIYAH ta baƙaƙen fata ce. Strange Horizons, da ke fitowa tun 2000, ta daɗe tana buga labaran da suka taɓo jinsi, kuma ta fitar da mujallar Samovar, mai buga fassara tare da asalin labarin a harshensa, wato Hausarki za ta zauna gefe da gefe da Turancin. Kamfanin buga littattafai na Neon Hemlock a Amurka irin wannan adabi ne sana'arsu. Ladan da ƙungiyar marubutan almara ta Amurka ta ɗauka a matsayin na ƙwararru a 2019 shi ne santi 8 kan kowace kalma, ke nan labari mai kalma 3,000 dala 240 ne. Amma ɗaruruwan labarai ke shiga a ɗauki kaɗan, ƙin karɓa shi ne abin da aka saba, ba aibin labarinki ba ne.

Abu uku ke kayar da mutane a nan. Na ɗaya, mujallu suna sayen haƙƙin bugun farko, don haka labarin da kika riga kika ɗora a Wattpad ya zama tsoho a wurinsu; ki fara aikawa, sai wa'adin da ke cikin yarjejeniya ya cika ki sake shi. Na biyu, fassarar na'ura: mujallar Clarkesworld ta taɓa rufe karɓar labarai a Fabrairun 2023 saboda ambaliyar rubutun na'ura, kuma ba ta karɓar abin da aka fassara da ita. Ki nemi mutum, amintacce, ki kuma sani cewa ya zama mai riƙe sirrinki. Na uku, biya: ki tambayi edita ta wace hanya yake tura kuɗi Najeriya kafin ki sa hannu. Sunan alƙalami ba baƙon abu ba ne a wurinsu, ana sa na gaskiya a yarjejeniya kawai, kuma kina iya ƙin ba da hoto da sunan gari. Duk wanda ya ce ki biya shi kafin ya buga miki a mujalla, ki bar shi.

Saura wayar kanta. Ki duba teburin mai caji ranar kasuwa: wayoyi talatin a jere, kowace da 'yar takarda manne a bayanta, saƙonni suna haskawa a fuska duk mai wucewa yana karantawa. Ki sa makulli, ki kashe nuna saƙo a kan fuska, ki cire katin ajiya kafin ki miƙa ta, haka ma in za ta je wurin mai gyara. Ƙaramin faifan sola da batirin ajiya sun fi miki kai waya caji kullum. Ki buɗe imel dabam domin rubutu, wanda ba shi da alaƙa da Facebook ɗinki. Fayil ɗin Word da PDF suna ɗauke da sunan mai na'urar a cikin bayanansu, ki goge shi kafin ki aika. Idan kuma kika yi aiki a shagon kwamfuta a Dutse ko Hadeja, ki tsaya a goge fayil ɗin a gabanki, har da wanda ya faɗa kwandon shara.