Ƙayyade masu rajista a manhaja: tsayar da adadi ko shiga da gayyata

Mai gina manhajar intanet da ke fargabar jama'a za su fi ƙarfin na'urorinsa yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya tsayar da adadi, misali asusu 500, ta yadda da zarar an cika sai rajista ta rufe da kanta. Gina wannan ba shi da wuya, amma akwai tarko a ciki: idan mutum biyu suka yi rajista a daƙiƙa guda alhali gurbi ɗaya ya rage, dukansu za su iya shigewa, sai dai in rumbun bayanai, wato inda manhajar ke adana asusun, shi ne da kansa ke riƙe da ƙirgar. Sannan asusun da mai shi ya yi watsi da shi yana ci gaba da tare wa wani gurbi.

Ta biyu ita ce shiga da gayyata, wato sai wanda ke da asusu ya gayyace ka kafin ka yi rajista, yadda Gmail ya yi daga 2004 zuwa 2007. A nan mai manhaja ne ke sarrafa saurin shigowar mutane, yana ƙara gayyata gwargwadon ƙarfin da ya samu. Aibinta shi ne wanda bai san kowa ba yakan tsaya a waje, har ta kai an riƙa sayar da gayyatar Gmail a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet. A ganina, manhajar makaranta ko ƙungiya ta fi dacewa da tsayayyen adadi, tun da an riga an san yawan mutanenta.